DHIS2: Manhajar da Ke Auna Ayyukan Lafiya Wata-Wata, Amfaninta da Inda Take Gazawa

Duk wanda ya yi aiki a sashen lafiya na ƙaramar hukuma a Nijeriya cikin shekaru goman da suka wuce ya san sunan DHIS2, ko da kuwa bai taɓa buɗe ta da hannunsa ba, domin a cikinta ne ake zuba alƙaluman da asibitoci da ɗakunan shan magani ke tattarawa a ƙarshen kowane wata. Yawan matan da suka zo awon ciki, da waɗanda suka haihu a hannun ma'aikaciyar da ta samu horo, da yaran da aka yi wa rigakafi, da waɗanda aka gwada aka samu da zazzaɓin cizon sauro, duk nan suke ƙarewa. Alƙawarin da wannan manhaja ta ɗauka babba ne, wato gwamnati ta daina jiran rahoton ƙarshen shekara ko binciken da ake yi bayan shekara biyar kafin ta san ko shirinta yana tafiya, ta riƙa dubawa a kai a kai tana gyara kuskure tun bai yi nisa ba. A kan wannan alƙawari zan auna ta, kuma hukuncina tun daga farko shi ne cewa kayan aiki ce mai inganci wadda ta cancanci a riƙe ta, amma ta fi ƙarfin yadda yawancin ofisoshinmu ke amfani da ita, kuma akwai wuraren da take ruɗar mai karanta ta idan bai yi hattara ba.

Asalinta yana da muhimmanci, domin shi ne ke bayyana abin da aka gina ta ta yi. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu a 1994, masana daga Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway da Jami'ar Western Cape suka haɗa gwiwa a wani shiri mai suna HISP, da nufin shugaban lafiya na gunduma ya samu alƙaluman yankinsa a hannunsa, ya yanke shawara da su, maimakon ya zama mai aikawa da takardu zuwa babban birni kawai. Manhajar farko a kan Microsoft Access, wata manhajar ajiyar bayanai ta kwamfuta, aka ɗora ta. Ta biyu, wato DHIS2, wadda ke aiki ta intanet, an fara amfani da ita a jihar Kerala ta Indiya a 2006, Kenya ta shimfiɗa ta a faɗin ƙasa a 2011, Gana ta bi sahu a 2012 da sunan DHIMS2, sannan Majalisar Lafiya ta Ƙasa a Nijeriya ta amince da ita a 2013 a matsayin rumbu guda na alƙaluman lafiya na yau da kullum. Jamhuriyar Nijar ma da ita take aiki, kuma a yau ƙasashe fiye da 70 ne ke amfani da ita. Har yanzu Jami'ar Oslo ce ke jagorantar gina ta.

Ba a biyan kuɗin lasisi, kuma kowace ƙasa tana da ikon ajiye ta a rumbunta ta sarrafa ta yadda ta ga dama. Wannan ba ƙaramar daraja ba ce, idan aka tuna yadda ma'aikatu ke sayen manhajoji masu tsada daga kamfanoni, kwangila na ƙarewa su rasa hanyar shiga bayanansu. Sai dai kada kalmar kyauta ta yaudari kowa. Akwai kuɗin rumbun ajiya da na masu kula da shi, da na buga rajistoci da fom, da na kwamfutoci da data da wutar da za a yi caji, da na horar da ma'aikata, da na man babur ɗin da mai duba aiki zai hau ya je ƙauye. Kaso mai yawa na wannan ɗawainiya ƙungiyoyin agaji na waje ne suka daɗe suna ɗauka, kuma duk inda tallafinsu ya tsaya ana ganin alamar hakan a rahotannin watannin da suka biyo baya.

Yadda aikin ke gudana a mafi yawan wurare shi ne, ma'aikacin asibiti yana rubuta kowane mara lafiya a rajistar takarda, a ƙarshen wata ya ƙirga ya cika fom ɗin taƙaitawa, a kai fom ɗin hedikwatar ƙaramar hukuma, jami'in sa ido ya shigar da shi kwamfuta. Daga wannan lokaci, duk wanda ke da izinin shiga, ko a babban birnin jiha yake ko a Abuja, yana iya ganin abin da aka shigar. An tsara ta hawa-hawa, daga ƙasa zuwa jiha, zuwa ƙananan hukumomi 774, zuwa mazaɓa, har zuwa asibiti guda, kuma wannan tsari shi ne abin da na fi yaba mata. Kwamishinan da ya ga alƙaluman jiharsa sun faɗi ba ya buƙatar kafa kwamiti kafin ya san inda matsalar take, domin cikin mintuna kaɗan zai iya sauka daga jiha zuwa ƙaramar hukumar da ta ja alƙaluman ƙasa, daga nan zuwa mazaɓar, daga nan zuwa asibitoci biyu ko uku da suka daina aiko da rahoto ko suka daina aiki. Ana iya fitar da sakamakon a jadawali, ko a zane, ko a taswira mai launi, a kuma jera su a allon bayani guda wanda ke sabunta kansa. Sashen taswirar yana da kyau ƙwarai wajen shawo kan shugaban da ba ya son dogon lissafi.

Inda ta fi nuna ƙarfinta, a ganina, shi ne wajen alƙaluman da ake kwatanta su da junansu ba tare da an nemi yawan jama'ar gari ba. Allurar Penta, wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar ciki har da mashaƙo da ciwon hanta, sau uku ake yin ta, a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa. A ce asibiti ya yi wa yara 100 ta farko amma 70 kawai suka dawo ta uku, to yara 30 sun ɓace a hanya, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce duk giɓin da ya haura kashi 10 cikin ɗari yana buƙatar bincike. Manhajar tana lissafa wannan giɓi da kanta ga kowane asibiti a kowane wata. Wannan lamba tana kai mutum ga tambayoyi masu amfani: shin iyaye mata sun ji ana yi musu tsawa ne, ko sun zo sun tarar babu allura, ko ranar rigakafin ta faɗo ranar kasuwa, ko zazzaɓin da yaro ya yi bayan allurar farko ne ya tsorata gidan saboda ba a yi musu bayani ba? Haka nan idan aka kwatanta yawan waɗanda gwaji ya tabbatar suna da zazzaɓin cizon sauro da yawan waɗanda aka ba maganinsa, nan take za a gane asibitin da ke ba da magani ba tare da gwaji ba, ko wanda kayan gwajinsa suka ƙare.

A Kano aka fara gwada wani sashe na musamman na rigakafin yara a cikin manhajar a 2014, kafin a faɗaɗa shi zuwa sauran jihohi zuwa ƙarshen 2017. Abin da ya bambanta wannan sashe shi ne bai tsaya ga ƙirga yaran da aka yi wa allura ba, ya shigo da tambayoyi game da yadda aikin kansa ke gudana: zaman rigakafi nawa aka tsara kuma nawa aka yi, na cikin asibiti da na fita ƙauyuka, ko firjin ajiyar allura yana aiki, ko allura ta yanke, ko mai duba aiki ya kawo ziyara. Irin waɗannan alƙaluma su ne zuciyar auna aiki a kai a kai, domin abubuwa ne da shugaban sashe zai iya gyarawa a cikin makon da ya gan su. Ba zai iya sauya adadin mace-macen yara a wata guda ba, amma zai iya aika mai gyaran firji, ya kuma tambayi dalilin da ya sa aka soke fita ƙauye sau uku a jere.

Akwai kuma matakan tsaro da aka gina a cikinta. Ana iya sa mata ƙa'ida ta yi gargaɗi idan aka shigar da abin da hankali ba zai ɗauka ba, kamar a ce waɗanda gwaji ya nuna suna da cuta sun fi waɗanda aka gwada yawa, tana kuma iya zaƙulo lambar da ta yi tsalle fiye da yadda asibitin ya saba. Tana nuna asibitocin da suka aiko da rahoto da waɗanda suka makara. Akwai manhajar wayar Android da ke karɓar bayanai ko babu sabis, ta tura su daga baya idan an samu. Duk waɗannan suna aiki yadda ya kamata, kuma ban da ƙorafi a kansu illa cewa shafin shigar da bayanai yana yin nauyi idan sabis ya yi rauni, musamman a kwanakin da kowa ke rige-rigen cika wa'adi.

Yanzu sai babban rauninta, wanda ya kamata duk mai dogaro da ita ya riƙe a zuciya. A shekarun 2016 da 2017 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da UNICEF suka gudanar da bincike gida-gida, suna duba katin rigakafi suna tambayar iyaye mata. Sakamakon ya nuna kashi 33 cikin ɗari ne kacal na yaran Nijeriya suka samu Penta ta uku, a Sakkwato kuwa kashi 3 ne, alhali alƙaluman da asibitoci ke aikowa suna nuna sama da kashi 90 a matakin ƙasa. Wannan tazara ba kuskuren ƙirga ba ne na nan da can. Tana nufin shekara da shekaru ana zama a taruka ana kallon allon da ya yi kore shar, launin da ke nuna aiki na tafiya daidai, ana yaba wa juna, yayin da biyu cikin kowane yara uku ba su kammala allurar ba. Manhajar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta ta nuna, amma tsabtar zanenta da kyawun launukanta sun sa wa lambobin marasa tushe rigar gaskiya, kuma wannan haɗari ne da tsohuwar takarda mai datti ba ta da shi.

Dalilai biyu ne suka fi haddasa haka, kuma sun cancanci a tsaya a kansu. Na farko shi ne yawan jama'ar da ake raba lissafi da shi. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya a 2006 aka yi ta, kuma tun daga lokacin hasashe ake yi ana ƙara wani kaso kowace shekara, sannan a ɗauki kashi 4 cikin ɗari a ce su ne yaran da ba su kai shekara guda ba, kashi 5 kuma mata masu juna biyu. Unguwar da ta cika ta batse a gefen Kano ko Kaduna, da garin da 'yan gudun hijira suka ninka yawansa a Borno, da ƙauyen da rashin tsaro ya watse a Zamfara, duk da wannan ma'auni guda ake auna su. Shi ya sa za ka ga wata mazaɓa ta yi wa kashi 140 cikin ɗari na yaranta rigakafi, maƙwabciyarta kuma kashi 30, ba don ɗaya ta fi ƙwazo ba sai don an yi kuskuren sanin yawan yaran kowacce. Mudun da ba a san girmansa ba, ko sau nawa aka auna hatsi da shi, ba zai gaya wa mai saye abin da ke cikin buhunsa ba.

Dalili na biyu ya fi na farko ciwo, domin ya shafi yadda shugabanni ke mu'amala da na ƙasa da su. Idan ma'aikaciya ta san cewa duk watan da lambarta ta yi ƙasa za a tsayar da ita a gaban taro a ci mutuncinta, ko a yi mata barazanar canjin wurin aiki, alhali ba a ba ta kuɗin fita ƙauye ba kuma ita kaɗai ce ke awon ciki da karɓar haihuwa da rigakafi da cika rajistoci masu tarin yawa, to za ta koyi rubuta lambar da ake so a gani. Na sha ganin taron bitar alƙaluma ya rikiɗe ya zama zaman tuhuma, inda wanda ya kawo lamba ta gaskiya mai rauni yake fita da kunya, wanda ya cika fom ɗinsa a ƙarƙashin bishiya kuma ya fita da yabo. Babu wata ƙa'idar kwamfuta da za ta kama ƙaryar da aka tsara da hankali, wadda lambobinta suka dace da juna. Auna aiki a kai a kai yana gyara shiri ne kawai idan mummunan labari yana da hanyar da zai bi ya isa sama ba tare da ya cinye wanda ya kawo shi ba, kuma wannan ba abu ne da Jami'ar Oslo za ta iya sakawa a cikin manhaja ba.

Abin da ya biyo bayan wancan bincike yana nuna hanyar da ta dace. A tsakiyar 2017 Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, ƙarƙashin Dokta Faisal Shuaib, ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafin yara, ta kafa cibiyar gaggawa mai suna NERICC, ta mai da hankali kan jihohi 18 da suka fi rauni. Ba a jefar da DHIS2 ba, amma an haɗa ta da ƙananan bincike na gida-gida da ake yi duk bayan wata uku a ƙananan hukumomi, domin a riƙa gwada abin da fom ya faɗa da abin da ke cikin gidajen mutane. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 50 na yara da Penta ta uku, wani binciken gida-gida na 2021 kuma ya samu kashi 57. An samu ci gaba, ko da yake annobar mashaƙo da ta ɓarke daga ƙarshen 2022, wadda Kano ta fi kowace jiha ɗanɗana kuɗarta, ta tuna mana yawan yaran da aka tsallake a shekarun da allon ke nuna kore. Abin lura ne kuma cewa shirin gwamnatin tarayya na ceton rayuka miliyan ɗaya, wanda Bankin Duniya ya ba dala miliyan 500 a 2015 domin a biya jihohi gwargwadon sakamakon da suka samu, bai ɗora biyan manyan ma'aunansa a kan alƙaluman wata-wata ba, da binciken gida-gida ya yi aiki. Masu tsara shi sun fahimci cewa ranar da aka ɗaura kuɗi a kan lambar da mai karɓar kuɗin ne ke rubuta ta, ranar ce lambar ke daina amfani.

Akwai wasu giɓi da zan ambata a taƙaice. Asibitoci masu zaman kansu da yawa ba sa aiko da rahoto yadda ya kamata, balle masu shagunan magani da ungozomomin gargajiya waɗanda a wurinsu ne talakawa da dama ke fara neman taimako, don haka abin da manhajar ke gani wani yanki ne kawai na lafiyar al'umma. Akwai kuma wasu manhajoji da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ita, kamar SORMAS ta sa ido kan annoba, da na masu cutar ƙanjamau, da na kayan magani, kuma sau da yawa ma'aikaci guda ne ke ciyar da su duka. Sannan tana nuna abin da ya faru ne, ba ta faɗin dalili. Idan haihuwa a asibiti ta ƙaru bayan an fara raba kayan haihuwa kyauta, allon ba zai rarrabe ko kayan ne suka jawo ba, ko sabuwar hanyar mota, ko zuwan wata ungozoma da mata suka yarda da ita. Wannan sai an je an tambaya.

Abin da ya fi damuna, duk da haka, shi ne manhajar ta juya wa manufarta ta asali baya a yadda muke amfani da ita. An gina ta ne domin na ƙasa ya ga aikinsa, amma a wurinmu bayanai suna hawa sama ne kawai, da wuya su sauko. Ma'aikaciyar da ta kwana tana ƙirga rajista ba ta da kalmar sirrin shiga, ba ta taɓa ganin zanen asibitinta kusa da na maƙwabtansa ba. Kwamitin raya mazaɓa, da mai unguwa, da limamin da ake roƙo ya yi wa'azi a kan rigakafi, su ma ba a nuna musu. A Nijeriya da Turanci ake sarrafa ta, a Nijar da Faransanci, kuma ba a cika damuwa a fassara sakamakon zuwa harshen mutanen da abin ya shafa ba. Gyaran wannan ba ya buƙatar sabuwar fasaha ko kwangila. Jami'in ƙaramar hukuma zai iya buga shafi guda ga kowane asibiti a kowane wata, ɗauke da ma'auni huɗu ko biyar, a rubuta bayaninsu da Hausa, a manna a bango, a karanta shi a taron kwamitin mazaɓa. Dagacin da aka gaya wa cewa yara 30 na ƙauyensa sun karɓi allurar farko ba su dawo ba ya fi kowace kwamfuta sanin ƙofar gidajen da za a ƙwanƙwasa.

Ga jihar da ke tunanin faɗaɗa amfani da ita, ko ma'aikatar da ke sha'awar ɗaukar ta zuwa wani fanni kamar yadda Gambiya da Uganda suka yi wajen bibiyar makarantu, ina ba da shawarar a ɗauke ta, domin da wuya a samu wata da ta kai ta sauƙin kuɗi da yawan masanan da suka iya ta a nahiyar nan. Amma kafin a sayi kwamfuta ko ɗaya, a fara sanya kuɗin rajistoci da data da ziyarar duba aiki a cikin kasafin jiha, kada a bar su a wuyan masu agaji. A rage yawan abin da ake tambayar ma'aikaci ya ƙirga zuwa wanda wani zai yi aiki da shi. A ware rana guda a kowane wata da shugaban sashe zai zauna da ma'aikatansa a kan tambayoyi biyu ko uku, a rubuta wanda zai yi me da kuma yaushe, a buɗe taron wata mai zuwa da duba ko an yi. Duk bayan wata uku a zaɓi wasu asibitoci ba tare da sanarwa ba, a gwada rajistarsu da fom ɗinsu da abin da ke cikin manhajar, a shiga gidaje kaɗan a duba katunan yara, kuma asibitin da aka samu lambarsa ƙarama ce amma ta gaskiya, shi za a fara kai wa firji da ƙarin ma'aikaci.